Tabon Ƙwallo a Bangon Tela

"Ke kika ɗauke ta, ko?"

"Haba Baba Tara, me zan yi da ƙwallo? Riga zan ɗinka mata?"

Tela ta faɗa tana gyara masa matashi, idonta a ƙasa. Ƙwallon tana can ƙarƙashin kekenta na ɗinki. 'Yarsa ce ta kawo mata ajiya, ranar da likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar wahala ba.

Ɗakunansu na kallon juna. Shekara da shekaru, kowace safiya tsohon yakan fito tsakar gida ya yi ta buga ƙwallo a bangonta da ƙafar hagu, dim, dim, har zarurruka su zubo daga tebur. Ta yi faɗa har ta gaji. Shi kuwa sai ya nuna mata goshinsa, inda igiyar ƙwallon zamaninsu ta bar masa tabo. "In ruwa ya jiƙa ta, 'yar nan, dutse kake sa wa kai. A haka muka yi ta zura ƙwallaye a raga, lamba tara a bayana, 'yan kallo har kan bishiya."

Yanzu ta samu shirun da take nema, ɗinki kuma ya ƙi tafiya.

"Ba bugawa zan yi ba," ya ce, numfashinsa na yankewa. "Ƙafar ce take tambaya."

Tela ta daɗe tana kallon ƙafar, siririya kamar sandar tsintsiya. Ta tuna alƙawarin da ta yi wa 'yarsa. Ta fita, ta dawo da ƙwallon a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye a ƙarshen gado.

Ya lalube ta da yatsu, ya tura a hankali. Ta gangara, ta faɗo, ta taɓa ƙofa.

"Gola ya yi barci," ya ce, yana murmushi.

Washegari da hantsi ya cika.

Da aka kwashe kayansa, mai gidan haya ya turo mai fenti. Ya zo bangon tela ya tsaya, yana dangwala buroshi.

"Anti, wannan baƙin wurin sai an kankare. Har ya lotsa."

Ta leƙo da almakashi a hannu. Tabon na nan daidai gwiwa, zagaye, duk bugun a wuri ɗaya.

"Shafe ko'ina," ta ce. "Nan kam ka bar min shi."