Gashin Aku a Zabirar Wanzami

Ni dai tun farko ban so tsuntsun nan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Tsuntsun da zai karkata kai ya zuba miki ido ɗaya yana sauraron duk abin da kike faɗa, ina dalili? Amma maigidana, Salmanu wanzami, Allah Ya ɗora masa son akun maƙwabcinmu Nagoda kamar shi ya haife shi.

A lokacin Tudun Wada ta Zariya sabuwar unguwa ce. Nasara sun yanka fili a bayan ganuwa, suka ce baƙon da ba ɗan birni ba ya zauna nan. Bakano, Bakatsine, Banufe, Babarbare, kowa da inda ya fito, ba wanda ya san kakan wani. Da safe a gaisa da fara'a, amma kowa yana lura da hannun kowa. Mu daga ƙasar Kazaure muka zo. Nagoda baduku ne, ya daɗe a Lakwaja yana ɗinka wa sojoji takalma. A can matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, sai akun da ya taho da shi, mai ruwan toka da jar wutsiya. Yana kiransa Ɗan Lakwaja.

A zaure Nagoda yake aiki, akun yana kan wata sanda kusa da kafaɗarsa. Yana ɗinki suna hira. Ya ɓare masa gyaɗa, ya fere masa rake, in fatake sun zo da kwakwar manja daga kurmi shi ne na farkon saye. Da zafin rana ya guntsi ruwa ya fesa masa, akun ya buɗe fukafukai yana ihu kamar an yi masa bushara. Malam kuwa, wato maigidan nawa, in ya dawo daga yawon aski, sai ya biya ta zauren. Akun ya sunkuyar da kai, shi kuma ya yi ta sosa masa wuya. Ni da nake matarsa ban taɓa samun wannan lallashin ba, na sha gaya masa.

Da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Zariya, Nagoda ya ga kasuwa ta koma tasha. Ya kwashe jakunkuna da takalma ya koma can, tun hantsi sai magariba. Ya gwada zuwa da akun, kukan jirgi ya firgita shi har ya kusa karya fiffike. Sai ya riƙa barin sa a zaure, ya ce da Malam, "Wanzam, ka riƙa leƙa min shi, ka canja masa ruwa."

Ba a daɗe ba gashi ya fara zuba. Na ƙirji tukuna, sannan na wutsiya. Malam ya gaya wa Nagoda tun da wuri. Ya ce, "Da bakinsa yake figar kansa. Na same shi yana yi. Kaɗaici ne."

Nagoda ya ce, "Shekara nawa muna tare ban taɓa ganin ya figi kansa ba? To ina gashin da ya zuba?"

Malam ya ce, "Na kawar."

Nagoda ya dube shi, bai ƙara cewa komai ba. Da Malam ya ba ni labari na ce, "Wannan shirun ban yarda da shi ba." Ya ce ni dama ban yarda da kowa ba.

To, sai kun san sana'ar mutanen biyu. Wanzami in ya gama aski ba ya barin gashin mutum a ƙasa. Tattarawa yake yi tsaf, ya je ya binne, don kada wani mugu ya tsinta ya kai wa boka. Amanar ke nan. Wanda ya miƙa maka wuyansa ka ɗora aska, ya kuma bar maka gashinsa, ya ba ka duk abin da yake da shi. Malam ya gaji wannan daga ubansa, har ya zame masa jiki, ko gashin jariri ɗaya ya gani a tabarma sai ya tsince. Shi kuma Nagoda, rabin aikinsa rufe layu ne. Ya san abin da mutane suke kawowa a ɗinke musu cikin fata. Ya sha faɗa a zaure cewa jan gashin aku abin nema ne, masu son bakinsu ya yi kaifi a gaban alƙali ko a wajen mata suna biyan abin mamaki a kansa.

Gwadabe mahauci ne ya ɓallo ruwan. Ya kira Malam ya yi masa ƙaho a bakin rumfarsa, mutane cike. Malam ya zuge zabira zai ciro ƙahon, sai ga jan gashi ya faɗo a kan tabarma. Ya tsince shi a zauren Nagoda da safen nan, bai kai ga binnewa ba. Gwadabe, mai bakin da ba ya rufuwa, ya ɗaga shi sama ya ce, "A'a, Wanzam! Yau kuma har tsuntsaye kake yi wa aski?" Aka yi dariya. Kafin la'asar ba mai dariya.

Nagoda ya zo ƙofar gidanmu, ko sallama bai gama ba. Ina daga soro ina jin su.

"Na ba ka amanar zaurena, ashe fige min shi kake yi kana sayarwa!"

Malam ya ce, "Subhanallahi. Nagoda, binnewa nake yi, kamar yadda nake binne naka."

"Nawa? To yanzu na fara tunanin inda nawa yake zuwa."

Wallahi daga ni sai zani na fito zan ci mutuncinsa, Malam ya tare ni da hannu. Nagoda ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Ya faɗa da ƙarfi, yadda masu wucewa za su ji, kuma sun ji.

Ba wanda ya zo ya ce mana komai, abin da ya fi ciwo ke nan. Ranar Juma'a, da can mutane suna layi a kan tabarmarsa tun sassafe, sai tsofaffi ƙalilan. Ɗaya daga cikinsu, da aka gama masa, ya durƙusa yana tattara gashinsa da kansa, ya ƙulle a bakin riga, yana cewa, "Bar shi, Wanzam, kada na wahalar da kai." Malam ya tsaya da aska a hannu yana kallonsa. Aka yi haihuwa a layinmu, gida na jikin namu, sai ga wanzami an ɗauko tun daga Tudun Jukun ya yi askin suna ya cire belu. Ni aka gayyace ni cin tuwo. Na je, na ci, na dube su ɗaya bayan ɗaya har suka rasa inda za su sa ido.

Hatsi ya fara ja baya a gidan. Na ƙara yawan furar da nake damawa, ita ma wasu suka daina aiko da ƙwarya. Kuma ga abin da zargi yake yi wa mutum: wata safiya na ga Malam ya ɗauki zabira ya zagaya bayan gida, sai na ji ƙafata ta bi shi. Na laɓe a jikin danga. Ya tsuguna a gindin wata kuka, ya tona rami da tsinke, ya zuba ɗan gashin da ya aske ranar, ya rufe, ya daddanna da tafin hannu. Ya juyo ya gan ni.

Ya ce, "Larai, har ke?"

Na ce, "Itace na zo nema." Ba itace a wurin, mu duka mun sani. Na koma ɗaki na yi kuka don haushi, na tsine wa tsuntsun nan da mai shi da mahaucin gaba ɗaya.

Shi kuwa Nagoda, don ya tsare akunsa daga hannun mutane, sai ya ɗauke shi daga zaure ya kai ƙuryar ɗaki, ya toshe taga da tsumma, ya sa kwaɗo a ƙofa. Ba mai shiga, ba mai gani. Gashi bai fasa zuba ba, ƙaruwa ma ya yi. Kuna tsammani wannan zai wanke Malam? Ina! Gwadabe ya ce ai wanda ya riga ya mallaki gashin tsuntsu, daga nesa ma sai ya ga dama. Muna jin akun ta katanga, da can yana ta surutu da kwaikwayon ladan, yanzu sai wani kuka siriri, daga baya shi ma ya daina. Malam in ya ji shirun sai ya ajiye cokali.

Rannan da azahar, rana tsaka, sai ga sallamar Nagoda ƙasa-ƙasa. Ya shigo soro ya tsuguna, hularsa a hannu. Ya rame. Ya ce jirgi bai zo ba ranar, ya dawo da wuri, ya leƙa ta hujin ƙofa kafin ya buɗe.

Ya ce, "Na gani da idona. Ya kama gashin cinyarsa ya fizge, har da jini. Wanzam, ka yafe min. Ya daina cin abinci. Ko ni na miƙa masa sai ya juya baya. Ka zo ka gwada, ko zai karɓa a hannunka."

Malam ya fara laluben takalminsa. Na sha gabansa.

Na ce, "Malam, tsaya. Ka yi tunani. In ka je tsuntsun nan ya warke, me za a ce? Za a ce wanda ya ɗaure shi ne ya kwance. Ka bar shi ya mutu a hannun mai shi, a ƙulle, kowa ya ga ba ruwanka."

Nagoda ya ce, "Zan faɗa a masallaci. Zan rantse."

Na ce, "Kai rufe mana baki! Da ka yi ihu a titi ka yi shawara da wani? Maganar da ka saka ta yi ƙafa, ta fi ka gudu."

Malam bai ce na yi ƙarya ba. Ya san gaskiya na faɗa, na gani a fuskarsa. Sannan ya ce, "Larai, yana jin yunwa." Ya ɗebi gyaɗa a ƙwaryata ya fita.

Na bi su don in ga ƙarshen wautar. Da aka buɗe ɗakin, wari ya buge mu. Abin da na gani a kan sanda ya fi kama da kazar da aka fige za a sa a tukunya, ƙirji tsirara, wutsiya babu. Ni da ba na son sa sai da na ce, "Wayyo." Malam ya cire tsumman taga, ya fito da shi zaure, ya zauna a ƙasa. Bai miƙa masa komai ba. Ya riƙa yi masa magana a hankali, irin yadda yake yi wa yaron da za a yi wa kaciya. Can akun ya matso, ya sunkuyar da kai. Malam ya sosa. Kafin la'asar ya ci gyaɗa.

Daga ranar, tunda aiki babu, Malam yake wuni a zauren. Ya fesa masa ruwa, ya rataya masa guntun fata da ɓawon rake ya riƙa tattauna maimakon jikinsa. Nagoda ya rage zaman tasha. Kafin damina ta fita sabon gashi ya tsiro, har jan ya fara leƙowa.

Nagoda ya cika alkawari, ba zan zalunce shi ba. Ya miƙe bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da ya gani, ya rantse, ya nemi gafara. Washegari ya shimfiɗa tabarma a bakin titi ya sa Malam ya aske shi ƙwal, kowa yana gani. Ina tsaye da ƙwaryar furata na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Kin gani ko? Wanzamin yana komawa tsuntsun ya tashi. Yanzu kuma har mai tsuntsun ma wanzamin ya shanye shi." Ba su san ina bayansu ba. Abin da na gaya musu ba zai maimaitu ba, amma bai dawo mana da kai ko ɗaya ba.

Da kaka ta yi, Malam ya wasa asakensa, ya shafe su da mai, ya naɗe zabirar ya miƙo mini ya ce in sa a ƙasan adaka. Zabirar ubansa ce. Ya naɗa gammo ya tafi tasha, inda ake neman masu ɗaukar buhunan auduga, wurin da ba a tambayar mutum amanarsa. Hannun da bai taɓa yanka kan jariri ba, cikin mako guda ya yi kanta ya tsattsage.

Da yamma in ya dawo, wuyansa a sage, ba ya shigowa gida kai tsaye. Ina jin sa ta katanga yana sallama a zauren Nagoda, akun yana amsawa. Wata rana na kasa haƙuri, na tare shi a soro na ce, "Malam, don Allah gaya min, tsuntsu ya kai wannan?"

Ya zauna, ya miƙo mini tafukan hannunsa in shafa masa man kaɗe. Ya ce, "Yau ya tashi daga sanda har kan katanga, Larai. Da kin gani."

Na ja hannun, na shafa. Ban gani ba, kuma ba na son gani.