Kaset ɗin Imoro

Shekara biyu ke nan Hamsatu mai wake da shinkafa a unguwar Maamobi ba ta ji ɗuriyar ɗanta Imoro ba, tun ranar da ya ce ya nufi Jamus. Kullum fargabarta ɗaya ce, ko yana raye. Sai ga abokinsa Jalilu ran wata Laraba da ambulan babu kan sarki, a ciki akwai wasiƙa da hoto da kaset.

Hamsatu kuwa ba ta iya farin ciki ita kaɗai ba. Kafin la'asar ta tara matan gidan haya kaf a tsakar gida, ta aro rikoda, ta sayi batir sabbi, ta aika a kira Malam Nashiru mai karanta wa unguwa wasiƙa.

Malam ya karanta da ƙasaita kamar shi ya je Jamus ɗin. Imoro yana lafiya, ya sami aiki a kamfanin motoci, kada a wahala da neman adireshi, amsa a ba Jalilu. Hoto ya zaga hannu hannu. Ga Imoro cikin kwat mai kauri, bayansa duwatsu fari fat da ƙanƙara.

"Ei, Mma Hamsatu, yaronki ya zama boga!" in ji maƙwabciyarta Barikisu, wai ɗan Turai ke nan.

Aka danna kaset. "Mma, ni ne. Kar ki damu, nan sanyi ne kawai." Hamsatu ta fashe da kukan daɗi. Yana cikin ba da labarin jirgin ƙasa sai kiran salla ya taso can bayan muryarsa.

"Ashe Jamus ma akwai Musulmi," in ji Barikisu, mata suka yi ta hamdala.

Hamsatu ba ta yi ba. Mai kiran ya tsaya a tsakiya, ya yi tari sau biyu, ya ja numfashi, sannan ya ci gaba. Shekara goma sha biyar ta zauna a New Town, unguwar da ke kusa da su, da marigayi mijinta, bango ɗaya da masallacin Ladan Sumaila, kuma duk faɗin duniya babu mai wannan tarin sai shi.

Ta karɓi hoton ta sake dubawa. A gefen ƙafar Imoro ga tukunyar furen roba mai tsagaggen baki, wadda ta taɓa zama kusa da ita a shagon mai hoto na unguwar Adabraka, nan cikin gari. Duwatsun ma fenti ne a jikin zane. Sai yanzu ta gane dalilin ɓoye adireshi. Ɗanta yana raye, tsakaninsu tafiyar ƙafa ce, kunyar dawowa hannu biyu ta sa ya gwammace ta yi ta kuka. Matan kuwa sai taya ta murna suke.

Ba ta tona shi ba. Da aka watse ta sa Jalilu ya juya kaset ɗin ya danna mata jan maɓallin ɗaukar murya. Ya ƙi haɗa ido da ita.

"Imoro, na ji, na gani," ta ce. "Allah ya yi albarka. In ka fita sallar magariba, ka gaida mini Ladan Sumaila, ka ce ya nemi maganin tarin nan."