Gwamnan Rumbun Orval

Shekara bakwai Orval Stump yana da aboki a rumbun ciyawarsa, wani baƙin maciji mai cin ɓeraye wanda tsawonsa ya kusa kai na Orval ɗin. Ya raɗa masa suna Gwamna. Irinsu ba su da dafi, manoman tsaunukan West Virginia ma murna suke yi da su. Sai dai na Orval, in ji shi, ya fita daban: launi yake sakewa.

"Ran Litinin baƙi wuluk na gan shi," ya gaya wa matarsa Wanda suna shan kofi. "Jiya kuwa sai ga jaja-jaja tsakanin ɓawon bayansa. In ransa ya ɓaci, toka-toka yake komawa."

"Tabarau ɗinka ne ke son wanki," in ji Wanda.

Ƙaninta Delbert ya zo karin kumallo a ranar, ba tare da an gayyace shi ba. Shi kuwa ba shi da aiki duk bazara sai ɗaga tsofaffin kwanukan rufi a gonakin mutane yana ɗaukar macizai hoto. Ya kwashe da dariya har ya ƙware.

"Yaya Orval, hawainiya kake kiwo ke nan! Ai ba guda ɗaya ba ne."

"Kai, rufe mini baki. Na san Gwamna kamar yadda na san yayarka."

"To lallai akwai matsala," in ji Wanda.

Suka ɗunguma bayan rumbu, inda wasu kwanuka suka daɗe a yashe cikin ciyawa. Rana ta fara ɗumama su. Delbert ya kama gefen guda ya ɗaga a hankali.

Biyar ne, a nannaɗe, kowanne kaurin damtsen hannu. Ɗaya baƙi ƙirin mai farar haɓa. Ɗaya da ɗigo-ɗigon ja. Ɗaya ruwan ƙasa, dabbare-dabbaren yarintarsa bai gama ɓacewa ba. Na huɗu ya yi fururu, idanunsa shuɗi-shuɗi, yana shirin yin saɓa. Na biyar ko ɗago kai bai yi ba.

Orval ya cire hula. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Gwamna?" ya kira da ƙaramar murya.

Babu wanda ya amsa. Orval ya zauna a kan bokiti.

"To wanne na yi ta ba labarina? Shekara bakwai ina zama ina faɗa masa abin da ke cikina."

Wanda ta riƙe ƙugu. "Wane labari ne ba ka gaya mini ba, sai maciji?"

"Ba komai ba ne. Zancen... wakenki ne."

"Wakena ya yi me?"

"Gishiri," in ji Orval, yana kallon takalminsa.

Delbert dai murna ta cika shi, bai taɓa samun biyar a wuri guda ba. Ya miƙa wa yayarsa wayarsa, ya sunkuya ya ɗauko baƙin nan mafi girma, ya rataya shi a wuya.

"Ɗauke ni! Ki tabbata kansa ya fito."

"Ajiye shi, Delbert, ba ya son wasa," in ji Orval.

"Ka ma tabbata shi ne?" in ji Delbert.

Macijin ya kaɗa wutsiya, ya saki wani ruwa mai ɗoyi daga kafaɗar Delbert har aljihun rigarsa. Wari ya turnuƙe wajen. Wanda ta toshe hanci da hannu ɗaya, ta ɗauki hoton da ɗayan, daidai lokacin da Delbert ya yage baki yana kakarin amai. Macijin ya sulale ƙasa, ya bi sauran zuwa ƙarƙashin rumbu.

Orval ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Tun bara nake gaya masa halinka."

Wanda ta hana ƙaninta shiga gida. Da rana ta zuba masa wake da burodin masara, ta tura masa farantin da tsintsiya har bakin matakala. Orval ya zauna a teburi, ya kai loma, ya tauna, ya dubi matarsa. Ko ƙwayar gishiri babu.

"Ya yi?" ta tambaya.

"Ya yi daidai," in ji shi, ya ƙara loma.

Da la'asar ya mai da Delbert gida a bayan a-kori-kura, tare da kare. Ba su yi nisa ba karen ya dira ya koma gida da ƙafa.