Ba Gaggawa

Malamar aji huɗu tana ɗakin malamai, ta tasa katunan sakamakon yara a gaba tana cikewa, sai ga saƙon Yayanta a waya: "Jikin Umma da sauƙi. Likitoci suna iya ƙoƙarinsu. In kin samu sarari ki leƙo, ba gaggawa."

Ta karanta, gabanta ya faɗi. Ta sake karantawa, sai ranta ya ɓaci. Ita za a yi wa wannan? Yanzun nan biron da ke hannunta ya gama rubuta "yana iya ƙoƙarinsa" a katin wani yaro da ya ci sifili a lissafi. Yaron da ya ci ba a rubuta masa haka. Ga kuma "da sauƙi", wadda ko mutum yana kan gargara ita ake faɗa. Sannan Yaya, mutumin da sai ya shekara bai ce mata ci kanki ba, yau shi ne da "ki leƙo"? Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi tsaya mata ma shi ne abin da babu a saƙon. Tunda aka kwantar da Umma a asibiti, kullum in an aiko saƙo daga gida sai Umman ta sa an ƙara da faɗa, wai a gaya wa Auta ta daina zama da yunwa. Yau babu faɗan.

Ta kira shi. Ya ce Umma barci take yi, kada ta tayar da hankalinta a banza, ya kashe.

Ta zari wayar sai ofishin shugaban makaranta, ta nemi izinin tafiya gida. Ya gyara tabarau, ya bi saƙon da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

"Malama, ai ga shi nan a rubuce, ba gaggawa. Gobe ake raba sakamako, iyaye za su zo. Ki gama, jibi ki kama hanya."

"Ranka ya daɗe, kai ka koya mana rubuta 'yana iya ƙoƙarinsa' don kada uban yaro ya ji zafi. Ka san abin da ake nufi da ita."

Ya ce kati daban, saƙon ɗan'uwa daban, kuma shi da abin da aka rubuta yake aiki, ba da abin da ke zuciyar mutum ba. Mutumin da ko "sannu da hutawa" malami ya ce masa sai ya kwana yana tunanin baƙar magana aka yaɓa masa, yau ya zama wanda bai san komai ba sai baƙaƙe.

Ta koma kan teburinta tana huci. Amma takaicin shi ne, da ta yi ta duba saƙon, sai ita ma ta fara karanta shi irin karatun shugaban. Da sauƙi, ai sauƙi ne. Ba gaggawa, ai ba gaggawa ne. Haka ta lallashi zuciyarta, ta cike katunan, washegari ta raba su tana yi wa iyaye yaƙe, sannan ta shiga mota.

Tun daga bakin layi ta hango tabarmi a ƙofar gida, da takalma zube. Yaya ya taso daga cikin mutane, idonsa jajir, ya ce da safen nan aka kai Umma. Ya ce shekaranjiya ta yi ta kiran sunanta, ta ce a gaya wa Auta ta zo.

"Shi ne ka rubuta min ba gaggawa, Yaya?"

"To, me zan rubuta? In ce tana mutuwa? Na ga ke malama ce, na ɗauka za ki gane."

Ta buɗe baki za ta zazzage masa duk abin da ta ƙunso tun daga makaranta, sai kuma ta fasa. Ta zauna a dakalin ƙofa, jaka a cinya. Ai ta gane ɗin, tun karatun farko.