Burgamin Maman

A Gwangwan babu wanda bai san Duna ba, baƙin karen Maman. Shekara takwas ke nan, da zarar an cire gyaɗa an kai dawa rumbu, sai su nausa daji su biyu, kuma zomon da ya tashi a gaban Duna ya yi tashinsa na ƙarshe. Horon da Maman ya yi masa ba wani asiri ba ne. Tun Duna yana ƙarami, Maman kan kamo gafiya da ranta a burgaminsa, tsohuwar jakar fatar akuyar da yake zuba naman daji, ya zo ya zazzage ta a fili. Duk abin da ya faɗo daga jakar nan ya ruga, na Duna ne.

Bana kuwa furfura ta fito wa Duna a baki, gudu kaɗan sai haki. Shi ya sa Maman ya je Rogo wurin abokinsa Audu, wanda karyarsa ta haihu, ya zaɓi wani jan ɗan kwikwiyo mai manyan dagi.

"Ka bi a hankali da tsohon nan naka," in ji Audu. "Ka ɗaure shi tukuna. Ka goga wa kwikwiyon tsumman da tsohon yake kwana a kai, su yi kwana uku suna shinshinar juna ta bayan danga."

Maman ya yi dariya. "Audu, ni za a koya wa kare? Duna ko ƙashi ne a bakinsa, na ce ajiye, zai ajiye."

Gaskiyarsa ce, ita ce ma ta rufe masa ido. A kan acaɓa kwikwiyon ya dame shi da mutsu-mutsu, sai ya jefa shi cikin burgami ya bar kan a waje. Tun daga Rogo har gida ɗan abin nan yana lasar hannunsa. Kafin su sauka har ya raɗa masa suna a ransa: Tartsatsi.

Ya tarar da matarsa Kubura tana sheƙar gero a ƙofar gida. Ta dubi jakar, ta dubi Duna da ke kwance a gindin mangwaro.

"Malam, ka ɗaure shi mana. Ko kajina ba ya ragawa."

"Kajinki daban," ya ce. "Wannan ƙanensa na kawo masa."

Ya tsuguna ya kwance bakin burgamin. Kwikwiyon ya ga baƙon wuri ya noƙe ciki, sai hannun Maman ya yi abin da ya saba: ya kama gindin jakar ya zazzage. Ɗan abin ya faɗo, jikinsa duk warin zomo, ya firgita ya ruga.

Ashe gudun Duna bai ƙare ba. Kafin Maman ya miƙe, ya riga ya cafki wuyan ya girgiza sau biyu.

"Ajiye!" Maman ya daka masa tsawa.

Duna kuwa ya ji magana. Ya ɗauko shi, ya kawo har gaban Maman, ya ajiye a hankali kamar yadda ya ajiye zomaye ba adadi. Jan dagin nan ya motsa sau ɗaya, shi ke nan.

Maman ya wawuri gorarsa ya ɗaga sama. Kubura ta ajiye faifai. Maman ya nemi wanda zai ɗora wa laifin ya rasa. Audu ya faɗa, Kubura ta faɗa. Kare kuma bai yi komai ba sai abin da shi da hannunsa ya koya masa.

Ya sauke gorar a hankali. Duna na nan zaune a gabansa yana haki, yana kaɗa wutsiya, ya miƙo kai yana jiran a shafa.