Ƙararrawar Minti Uku

Kailu ne ya rubuta sunayenmu a wani taron masu ƙananan sana'o'i, wata biyu kafin ya kwanta dama. Ni ban ce a rubuta ni ba. Shekara goma sha tara muna shago ɗaya a unguwar Adjamé ta Abidjan, bayan babbar tashar mota: ni nake zaɓo takalman fata daga Kano, shi yake sayar da su da bakinsa. Faransanci, Jula, har yaren da bai iya ba sai ya taɓa, mai saye ya yi dariya ya zauna. Nawa aikin in miƙo lamba arba'in da biyu daga ciki. Da ya tafi, bencin ƙofar shago ya zama na ƙura. Sai in yini ban yi magana da kowa ba, in koma ɗakina a Bromakoté in ci abinci ina kallon bango.

Don haka na yanke wa kaina hukunci. In na je taron nan na dawo babu mutum ko ɗaya da zai nemi hanyar shagona, ranar Litinin zan yanki tikiti in koma gida, inda 'ya'yana suka fi sanin muryata a waya fiye da fuskata.

Ranar Asabar na sa farar shaddata, na zuba katunan adireshin shago da Kailu ya bugo mana a aljihu, na haye gada zuwa Treichville. Zauren yana kusa da tashar Bassam. A bakin ƙofa an jera sunayen mahalarta a kan tebur, kowanne da igiyar ratayawa. Na ga nawa, Abdulbaqi, ga na Kailu a gefensa yana jira. Yarinyar da ke rabawa ta tambaye ni ko abokin nawa yana tafe. Na ce a'a, na ɗauki duka biyun, na rataya nawa, na sa nasa a aljihu.

Da safe karatu aka yi. Wani mai kwat da wuyan riga a shaƙe ya tsaya yana koya wa masu ƙananan sana'o'i yadda mutum zai yabi hajarsa cikin numfashi ɗaya. Faransancina na kasuwa ne, amma na gane inda ya dosa: faɗi sunanka, faɗi abin da kake sayarwa, faɗi dalilin da ya sa ka fi kowa. Na ce a raina, to, ga mu a makarantar da ake koyar da yabon kai, mu da muka taso ana ce mana jahilci ne. A wajenmu ai wani ne yake faɗin alherinka, kai kana gefe kana sunkuyar da kai.

Bayan azahar aka jera kujeru layi biyu suna fuskantar juna. Za ka zauna da mutum minti uku, a kaɗa ƙararrawa, ka matsa kujera ta gaba.

Na farkona wani mai gyaran firiji ne. Na miƙa masa hannu, na tambaye shi ya ya kwana. Ya ce ça va, wato lafiya. Na tambayi iyali, ya ce ça va. Na tambayi yara, na tambayi aiki, na tambayi gajiyar hanya, shi ma na ba shi fili ya tambaye ni, bai tambaya ba. Ina shirin cewa ni mai takalma ne, ƙararrawa ta kaɗa. Ya ajiye mini katinsa ya yi gaba.

Ta biyu mai sayar da man kaɗe ce. Ita ma haka. Na uku yana duban agogo tun ina kan iyali. Ban san yadda ake buɗe baki da ciniki a gaban mutumin da ba ka san yadda ya kwana ba. Hannuna yana cikin aljihu a kan katunan, amma ba na fito da su, domin kati ai bayan gaisuwa yake zuwa, ita kuwa gaisuwar ba a bari ta ƙare. Na wuce kujera tara haka. Zauren ya cika da surutu, mutane suna tafa hannu suna ɗaukar hoto, ni kuwa kaɗaici ya kama ni fiye da na cikin shago. A shago aƙalla ba kowa, a nan ga mutane fiye da ɗari.

Aka ce saura zagaye ɗaya. Na ji haushin kaina. Kiɗa ya canza tun safe, ni ina nan da tsohuwar rawa. Na ƙudurta wannan karon ba lafiyar wanda zan tambaya.

Wata matashiya ce ta zauna a gabana, da ɗankwali da jakar ofis, sunanta a ƙirji Ni'ima. Ban ko dubi fuskarta sosai ba. Na zaro kati na dangwara a gabanta, na zuba abin da mai kwat ya koya mana da karyayyen Faransancina: sunana kaza, takalmana fata ce zalla, ɗinkin hannu, ba irinsu a duk Abidjan. Ina faɗa ina jin kunyar kaina kamar na fito ba hula. Na gama, ina jin na yi abin kirki.

Ta dubi katin, ta dube ni. Sai ta yi magana da Hausa, irin ta 'ya'yan da aka haifa a nan, mai tafiya tana tuntuɓe.

"Baba, ni fa na canza place da wata don in zo wajenka. Tun can ina jin ka kana gaida mutane." Ta ɗan yi murmushi. "Haka babana yake yi. Depuis ya rasu, ba wanda ya gaishe ni haka. Na ce bari in zo in samu nawa."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Mutane suka fara tashi, ana jan kujeru. Ni ban tashi ba. Mutum tara na yi wa gaisuwa suna ƙosawa, wadda ta zo dominta ita ce na yi wa tallan takalmi. Na janye katin daga gabanta na mayar aljihu.

Na ce, "'Yata, ina wuni?"

Ta gyara zama. "Lafiya lau, Baba."

"Ya gida? Ya mahaifiyarki?"

"Tana lafiya."

"Ya aiki? Ya gajiya?"

"Ba gajiya." Ta faɗe shi da sauri, kamar abin da ta daɗe tana ajiye da shi.

"Ya haƙurin rashin mahaifinki? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Ta ce amin, ta share ido da bakin ɗankwali. Mai kwat yana ta kira a zo hoton rufe taro, ba wanda ya kula shi a cikinmu. Sai ta yi abin da mutum taran nan ba su yi ba: ta juyo da gaisuwar kaina.

"Baba, ya kasuwa? Ya mutanen shago?"

Amsar wannan ko yaro ya san ta. Sau dubu nawa na ce lafiya lau a rayuwata, ina cikin lafiya ko ba na ciki. Amma ban da yau. Na sa hannu a aljihu, na fito da sunan Kailu da igiyarsa, na ajiye a kan gwiwata.

Na ce, "Mutum ɗaya ne, kuma ya rasu bayan azumi."

Ta dubi sunan. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ya haƙuri, Baba?"

Tun da aka watse zaman makoki, ba wanda ya tambaye ni wannan. Na ce mata da godiya.

Da za mu fita ta miƙo hannu biyu ta ce in ba ta katin da na janye. Ta ce takalmi ba ya cikin abin da take buƙata yanzu, amma ranar Litinin tana da aike a Adjamé, za ta biyo ta gaishe ni.

Ranar Litinin tun da sassafe na wuce ta gaban tasha, masu kiran fasinja suna ja mini hannun riga. Ban tsaya ba. Na buɗe shago, na jiƙa tsumma, na goge bencin.