Tankin da Habila Ya Ɗaura

Malam Inuwa ya sake murɗa makulli, injin ya yi tari ya mutu. Ya fito ya zagaya gaban motar, ya cusa kai ƙarƙashin bonet, hannun rigarsa duk baƙin mai. Tun bayan sallar asuba yake fama da tsohuwar Landirobar da ta daɗe a kafe a ƙofar gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi, har kaji sun saba kwana a ƙarƙashinta.

Ɗansa Junaid ya fito da makullin tasa motar a hannu. "Baba, ka zo in kai ka mana. Tarauni ce fa, ba Legas ba."

"Ba zuwana ne ya dame ni ba. Ita nake so ya gani."

Junaid bai ƙara musu ba. Ya naɗe hannun riga, ya matso da motarsa ya jona batir.

Wanda Malam Inuwa yake so ya ga motar amininsa ne, Habila, mutumin Mangu. Tare suka yi aikin gwamnati, Inuwa malamin dabbobi, Habila injiniyan rijiyoyin burtsatse. A wannan motar suke fita rangadi, su kafa tanti a gefen dajin Falgore ko a gindin duwatsun Riruwai, inda sanyin asuba ke sa mutum ya ji tsoron buta. Wata rana Habila ya ga Inuwa yana alwala haƙoransa na kaɗawa. Da suka dawo Kano ya samo bututun jan ƙarfe ya naɗe shi a jikin salansar da hayaƙin injin ke bi, ya ɗaura tanki a bayan motar, ya sa masa kan famfo. Tun daga nan, in injin ya ɗan yi aiki, ruwa mai ɗumi ke zubowa. Matan Fulani har zuwa suke da ƙorai su ɗiba su wanke jarirai. Da aka yi gwanjon motar Inuwa ya saye ta, kuma a cikinta iyalan biyu suke zuwa Tiga hutu, yara a baya suna rigima a kan wa zai buɗe famfo.

Yanzu Habila ya samu shanyewar ɓarin jiki. Matarsa Ruth ta bugo waya ta ce jibi 'ya'yansu za su mai da shi gida Mangu, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti bango kawai yake kallo. Abinci sai da lallashi, wanka sai da faɗa, magana kuwa ya daina ko gwadawa.

Wajen hantsi injin ya kama, da hayaƙi baƙi ƙirin da ya kori kajin. Suka cika tankin da ruwa, Malam Inuwa ya hau, Junaid na bin sa a baya. A hanya 'yan adaidaita sahu suna ta yi masa hon, wani ya leƙo ya ce, "Baba, daga gidan tarihi?" Shi dai yana riƙe da sitiyari yana sauraron ƙarar injin, yana jin warin man da ya sani tun yana da baƙin gashi.

Ruth ce ta buɗe musu get. Da ta ga motar ta dafe ƙirji. "Malam, ashe tana nan da ranta?"

"Tana nan, Maman Miriam. Fito min da shi."

Suka turo Habila a keken marasa lafiya zuwa inuwar dalbejiya. Ya rame, gefen bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya dubi motar, ya dubi Inuwa, ya sauke ido.

"Injiniya, ga aikinka," in ji Malam Inuwa. "Yau da shi za ka yi wanka. Ka tuna Riruwai, ranar da ruwan sama ya tafi da tantinmu muka kwana a ciki a zaune?"

Ya bar injin yana aiki har tankin ya ɗau zafi, ya tara bokiti, ya murɗa famfo. Ruwan ya fito ja wur, da ɓarɓashin tsatsa. Ya zubar ya sake tarawa, haka dai. Can sai bututun ya fashe daga ƙasa, tururi ya tashi, ruwan ya malale a tsakar gida. Malam Inuwa ya kashe injin. Ya tsaya da bokiti a hannu, ya kasa kallon kowa.

"Ba komai, Malam," in ji Ruth a hankali. "Bari in hura gawayi."

"Mama, dakata," in ji Junaid. Ya je motarsa ya dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannu, da ƙaramar tukunyar gas da tiyo. Shi ma ya gaji son kwanan daji, duk hutu sai ya fita da abokansa, kuma wannan ce na'urar da suke dafa ruwan wanka da ita. Uban ya sha ganinta a but ɗin motar, bai taɓa tanka mata ba. Junaid ya rataye ta a reshe, ya jefa bakin tiyo ɗaya cikin baho, ya danna wani maɓalli. Wuta ta kama a ciki da 'yar ƙara, kafin a ce me ruwa mai tururi ya fara zuba ta ɗaya bakin.

Malam Inuwa ya juya zai ba Habila haƙuri, sai ya ga ya ɗago kai. Idonsa na kan akwatin. Ya miƙa hannun hagu ya tara, ruwan ya bi yatsunsa. Ya yi wani gurnani, ya nuna akwatin.

"Me kake so, Baban Miriam?" in ji Ruth, ta sunkuyo.

Bakin ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito. "Ci...ki."

"Cikinka ke ciwo?"

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya sake nuna akwatin.

Malam Inuwa ne ya gane. Ya ɓata safiya guda yana tayar da tsohuwar mota don mutumin nan ya tuna zamanin da, ga shi ko waiwayarta bai sake yi ba. Amma haka Habila yake tun asali. Rediyo, agogo, fitilar gas, duk abin da ya shigo hannunsa sabo sai ya ga hanjinsa.

"So yake ya ga yadda aka haɗa ta," in ji shi.

Junaid ya sosa ƙeya. "Baba Habila, sabuwa ce fa. In aka buɗe ba lallai ta koma daidai ba."

"Kashe gas ɗin ka sauko da ita," in ji uban.

Junaid ya dubi tsohon da ke keke, ya kashe, ya jira ta huce, ya sauko da ita. Malam Inuwa ya ɗauko sukundireba daga akwatin kayan aiki, ya jawo benci ya zauna gab da keken. Ya ɗora na'urar a gwiwoyinsa, ya sa sukundireban a hannun hagun Habila. Bakin ƙarfen yana ta zamewa daga kan noti. Inuwa ya kai hannu zai karɓa, Habila ya ture shi da gwiwar hannu.

Ruth ta tsaya tana kallonsu, sannan ta ce bari ta ɗumamo kunun da Habila ya ƙi sha da safe, ko yanzu zai karɓa.

Malam Inuwa ya gyara zama, ya riƙe akwatin da hannu biyu don kada ya motsa.